Farar ƙasar da ke cikin hoton nan ba ƙanƙara ba ce

Wata malama da ke koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Tudun Wadan Zariya ta turo mini hoto haɗe da tambaya. Ƙaninta da ke karatu a Norwe ne ya ɗauki hoton a watan Agusta a kan wani tsauni. Ƙasa fari fat kamar an barbaɗa garin rogo, ba bishiya ko ɗaya, duwatsun wurin kuma duk zane-zane ne kore da baƙi. Ya ce mata wannan farin ba dusar ƙanƙara ba ce, wani tsiro ne da ake kira laikin. Abin da take so ta sani shi ne: a ina da ina abin nan yake fitowa a tsaunukan can na arewa mai sanyi, me ya sa yake rayuwa inda bishiya ta gaza, kuma ko shi ne gansakukar da ke fitowa a katangunmu da damina?

Malama, ƙaninki ya faɗi gaskiya, sai dai zan ɗan gyara masa kalma ɗaya. Laikin ba tsiro ba ne irin yadda dawa ko kuka suke tsiro. Ba shi da saiwa, ba shi da ganye, ba ya fure. Halittu biyu ne suka haɗu suka zama jiki ɗaya. Ɗaya daga dangin funfuna take, wato 'yan'uwan naman kaza da wannan abin da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu. Ɗayar kuma gansakuka ce ƙanana ƙwarai, ko wata irin bakteriya mai haɗa abinci da hasken rana, wadda muke kira sayanobakteriya. Funfunar ita ke gina gida, ta riƙe dutse, ta tsotsi ruwa, ta kare abokiyar zamanta daga zafin rana. Gansakukar kuma ita ke girki, ta haɗa sukari daga haske da iska ta ciyar da su duka biyun. A aji mukan ce zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, ko da yake in za a bi gaskiya funfunar ta fi cin moriyar zaman. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Simon Schwendener ne ya fara faɗin haka a 1867, kuma manyan masana na lokacin sun daɗe suna ƙaryata shi kafin a yarda. To kin ga gansakukar katangarki 'yar'uwar rabin laikin ce kawai. Ita in rani ya shigo sai ta bushe ta ɓace, shi kuwa yana nan daram. An san nau'insa wajen 20,000 a duniya.

Mafi yawan mutane na ɗauka cewa sanyi laikin yake so, shi ya sa ya cika can. Ba sanyin yake so ba. Abin da ya fi kowa iyawa shi ne jure bushewa. In ruwa ya ƙare sai ya bushe ƙarau, numfashinsa ya tsaya kusan cak, ya zauna haka makonni ko watanni. Raɓa ko hazo na taɓa shi, cikin 'yan mintuna ya farfaɗo ya ci gaba da aiki. Jikin da ba ruwa a ciki kuwa ƙanƙara ba ta da abin da za ta fasa. A 2005 an harba nau'i biyu na laikin sararin samaniya a jikin wani kumbon Rasha, aka bar su a buɗe wajen mako biyu ba iska ba kariya, suka dawo da ransu. Amma wannan juriyar tana da tsada: girmansa a hankali yake, har ya ba mutum haushi. Duk inda ciyawa za ta iya yin tsawo, za ta rufe shi ta hana shi haske ya mutu. Saboda haka laikin ba ya samun wuri sai inda sauran tsirrai suka kasa zama. Wannan shi ne tushen amsar tambayarki, sauran duk bayani ne.

Yankin da muke magana a kai shi ne ɗamarar da ta zagaye duniya daf da ƙuryar arewa: tsaunukan Norwe da Suwidin da arewacin Finlan, tsaunukan Kibini a yankin Kola na Rasha, arewacin Ural, Saberiya, Alaska da Yukon da Labarado a Kanada. Tsaunukan Turai na wannan yanki ba su da wani tsawo na a-zo-a-gani. Kebnekaise, wanda ya fi kowanne tsawo a Suwidin, bai kai mita 2,100 ba, alhali Chappal Waddi namu na jihar Taraba ya kai mita 2,419. Nisansu da ikwaita, layin da ya raba duniya kudu da arewa, shi ne ya sa suke da sanyi haka duk da rashin tsawonsu. Ki kwatanta wa ɗalibanki da wannan: Zariya na zaune a kan tudu mai kimanin mita 650 daga doron teku, ga mangwaro ga ɗorawa ga rimi. A Abisko da ke arewacin Suwidin, daidai wannan tsawon ne bishiyoyi suke ƙarewa, daga nan zuwa sama sai tsirrai masu rarrafe.

Bari mu hau tsaunin daga gindi. A ƙasa akwai dajin itatuwan fayin da danginsu. Inda ƙasar ta zama rairayi mai tsotse ruwa, kuma itatuwan suka ba juna tazara, za ki tarar da laikin ya shimfiɗu a ƙasa kamar darduma. A tsofaffin itatuwa kuma akwai wasu nau'o'in da ke rataye a rassa kamar gemun tsoho, wasu baƙaƙe wasu masu launin toka. Ɗaya daga cikin jinsunan nan ana kiransa Usnea, kuma sunan daga Larabci ya samo asali, daga kalmar ushna. Ba sa shan komai daga jikin itacen, wurin zama kawai suka ara.

Gaba kaɗan sai dajin wata bishiya mai farin ɓawo da ake kira Betula, ita ce ke kai wa iyakar bishiyoyi a tsaunukan Norwe da Suwidin. A nan akwai abin da ya fi burge ni lokacin da na yi 'yan makonni a arewacin Suwidin wajen wani aikin fili. Jikin kowace bishiya kamar an ja masa layi: daga wani wuri zuwa sama akwai wani laikin mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu, daga nan zuwa ƙasa kuma babu shi, sai wani mai launin rawaya-rawaya. Na saman, wanda ake kira Melanohalea olivacea, ba ya jure zama a cikin dusar ƙanƙara. Na ƙasan kuwa yana jurewa. Don haka a tsakiyar bazararsu, ba ko ɗigon ƙanƙara a ƙasa, mutum zai dubi bishiya ya faɗi iya inda dusar ke kaiwa da hunturu a wannan wurin. Tamkar yadda manomin bakin Galma zai dubi alamar laka a jikin itace ya gaya miki inda ambaliyar bara ta tsaya.

Daga nan sai a fita fili, inda aka ɗauki hoton ƙaninki, kuma a nan ne zan ɗan daɗe. Mai kallo daga nesa zai ga fili ɗaya ne. Wanda ya tsuguna ya duba zai ga cewa cikin taku goma tsirrai sun sauya sau uku, kuma abin da ya raba musu wurin shi ne iska da dusar ƙanƙara. Da hunturu iska na share dusar daga kan tudu ta tara ta a kwari, kamar yadda iskar hunturunmu ke share ƙura daga fili ta tara ta a gindin katanga. Kowace shekara kusan wuri ɗaya take tarawa, don iskar daga kusurwa ɗaya ta fi busowa.

A ƙololuwar tudu, inda dusar ba ta zama, ƙasa na nan a buɗe duk tsawon hunturu. Sanyi na dukanta kai tsaye, iska kuma na ɗauke da ƙwayoyin ƙanƙara masu kankare duk abin da ya ɗago kai. Da bazara kuma wurin ya bushe da wuri. Kusan ba tsiron da ke son wannan zama, to nan ne masarautar laikin. Nau'o'in da ke nan akasari rawaya ne mai haske ko fari, irin su Alectoria ochroleuca mai kama da zaren da ya cukurkuɗe, da Flavocetraria nivalis mai kama da yagaggen yadi, da Thamnolia mai kama da fararen tsutsotsi a kwance. Launin rawayar nan wani sinadari ne da funfunar ke haɗawa don kare abokiyar zamanta daga hasken rana mai ƙuna.

In aka sauko kaɗan zuwa gangare, inda dusar ke rufe ƙasa daidai wa daida ta kuma narke da wuri, a nan dardumar ta fi kauri. Jinsin Cladonia ne ke mulki a nan, musamman Cladonia stellaris mai kama da dunƙulallen audugar da aka jera, da Cladonia rangiferina. Ina kyautata zaton su ne farin da ke cikin hoton. Girmansu bai wuce milimita 3 zuwa 5 ba a shekara. Dardumar da ta kai tsawon tafin hannu ta girmi yawancin ɗalibanki nesa ba kusa ba.

Can ƙasan kwarin kuma, inda dusar ke taruwa ta kai Yuli ko Agusta ba ta narke ba, laikin sai ya ja da baya. Wannan yakan ba ɗalibaina mamaki, don suna zaton ƙanƙara abokiyarsa ce. Abin da ke faruwa shi ne, ƙarƙashin dusa mai kauri akwai laima kuma akwai duhu. Laikin da ya jiƙe a farke yake, yana cin abincin da ya tara, ga shi ba hasken da zai haɗa wani. Sai ya ci kansa da kansa. Wurin sai ya koma hannun gansakuka mai laushi irin ta gindin rijiya, da wata bishiya 'yar mitsitsiya mai suna Salix herbacea wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Laikin kaɗan ne suka iya zaman nan, kamar Solorina crocea, wanda samansa kore ne amma in aka juya shi cikinsa launin ruwan goro ne mai haske.

Wannan ƙa'idar ita ce kuma ke aiki a faɗin ƙasa baki ɗaya. Yammacin Norwe, inda iskar teku ke zubar da ruwa mai yawa, gansakuka da ciyayi sun fi laikin ƙarfi. Manyan dardumomin nan farare suna can ciki ne ta gabas, bayan tsaunuka sun tare ruwan, kamar Rondane da Dobre da tudun Finmak. Abisko da na ambata ruwan da take samu a shekara kusan milimita 300 ne, Zariya kuwa na samun wajen 1,000. In ƙaninki ya ce miki a Rondane ya ɗauki hoton ba zan yi mamaki ba. Wurin ne gandun ƙasa na farko da Norwe ta keɓe, a 1962, kuma ya yi suna da wannan farar shimfiɗa.

Saura duwatsu. Sama da inda ƙasa ta ƙare, sai tsagwaron dutse, kuma kusan duk launin da ido ke gani a jikin dutsen ba nasa ba ne, na laikin ne. Koren nan mai baƙin layi da ke cikin hoton sunansa Rhizocarpon geographicum, wato laikin taswira, don ya yi kama da taswirar ƙasashe da iyakokinsu. Ke da kike malamar labarin ƙasa, naki ne wannan. Yana manne da dutse yadda ba a iya ɓamɓare shi sai da guduma. Yana son dutse mai tsami irin na kaho da muke da shi a Kufena, ba ya son dutsen farar ƙasa, wanda shi ma yake da nasa nau'o'in daban. Masanin duwatsu kan iya gane inda irin dutse ya sauya tun daga nesa, ta hanyar sauyin launin laikin.

Girman laikin taswira bai kai milimita ɗaya ba a shekara, sau da yawa ƙasa da haka ƙwarai, kuma wannan jinkirin ya zama agogo. Kogin ƙanƙara, wato tulin ƙanƙarar da ke gangarowa daga tsauni a hankali, in ya narke ya ja baya yakan bar tarin duwatsu tsirara. Laikin na cikin na farko da ke sauka a kansu. In an san yawan girmansa a wannan yanki, sai a auna faɗin mafi girma a lissafa shekarun da dutsen ya yi a buɗe. Yadda ake sanin yawan girman kuwa shi ne a auna wanda ya fito a kan duwatsun kaburbura da tsofaffin gine-gine masu kwanan wata. Wani masani ɗan Ostiriya, Roland Beschel, shi ya tsara wannan dabara a 1950. Tana da kurakuranta, ni kaina ba na yarda da lissafin da ya wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba tare da wata hujja a gefe ba, amma ta yi amfani ƙwarai wajen gano yadda kogunan ƙanƙara suka ja baya a ƙarnonin nan na kusa.

In kika ga dutse guda a fili kansa ja kamar an shafa manja, to mazaunin tsuntsu ne. Ƙasar can ba ta da taki, kashin tsuntsu kuwa taki ne, kuma akwai laikin mai launin ruwan goro, Xanthoria elegans, da ba ya bunƙasa sai inda aka samu wannan. Mai neman sheƙar shaho a jikin tsauni jan nan yake fara nema. Akwai kuma Umbilicaria, baƙi mai faɗi kamar busasshen ganda, wanda ke riƙe dutse da cibiya ɗaya tak a tsakiya. Shi ne abin da John Franklin da mutanensa suka riƙa kankarowa suna dafawa a arewacin Kanada a tafiyarsu ta 1819 zuwa 1822, da yunwa ta ci ƙarfinsu. Ya ɓata wa da yawansu ciki, har suka koma cin fatar takalmansu, fiye da rabinsu ba su dawo ba.

Abin da ya gagari cikin mutum shi ne tuwon barewar ƙanƙara. Wannan dabba ita ce dukiyar ƙabilar Sami ta arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, kamar yadda saniya take ga Bafulatani, kuma da hunturu laikin ne babban abincinta. Tana jin ƙanshinsa a ƙarƙashin dusa ta tone da kofato. Shi ya sa tudun nan da iska ke sharewa suke da daraja a wurin makiyayan. Tashin hankalinsu shi ne a yi ruwan sama a kan dusa sannan sanyi ya dawo, ƙasa ta daskare ta zama kamar gilashi. Hakan ta faru a yankin Yamal na Saberiya a ƙarshen 2013, barewa wajen 61,000 suka mutu da yunwa, abinci na ƙarƙashin ƙafarsu.

Barewar ita ma tana sauya inda laikin yake. Jiƙaƙƙen laikin laushi gare shi kamar soso, busasshe kuwa ana taka shi yake rugujewa. Na koyi wannan da kunya. Ranar farko da muka fita fili na bi ta tsakiyar wata shimfiɗa don in rage hanya, ina jin ƙarar ƙurus-ƙurus a ƙarƙashin takalmina, sai mai yi mana jagora, wata dattijuwa, ta tsaya ta nuna mini sawuna a baya, ta ce wannan zai daɗe a nan bayan na koma gida. A kan iyakar Norwe da Finlan akwai shingen da ya raba garkunan ƙasashen biyu, kuma har a hoton tauraron ɗan'adam ana ganin bambanci. Ɓangaren Norwe ya fi fari don da hunturu kawai ake kiwo a wurin, lokacin da dusa ke kare laikin. Ɓangaren Finlan ya fi duhu don ana tattake shi da bazara. Wurin da aka cinye ko wuta ta ƙone, farfaɗowarsa shekaru gommai ce.

Da yake ba shi da saiwa, duk abin da yake ci daga iska da ruwan sama yake samu, kuma ba ya tacewa. Hayaƙin masana'antu mai ɗauke da sinadarin farar wuta yana kashe shi da wuri. Kewayen matatun ƙarfe na Nikel da Monchegorsk a yankin Kola, an yi shekaru ba a ganinsa. Da tashar nukiliya ta Chernobyl ta fashe a Afrilun 1986, ruwan sama ya sauke gubar sisiyom a tsakiyar Norwe da Suwidin, laikin ya shanye, barewa ta ci laikin, aka zubar da naman dubun-dubatar barewa a shekarar. Gubar kan ɗauki kusan shekara 30 kafin rabinta ya gushe, don haka makiyayan sun daɗe suna kai dabbobinsu awo kafin yanka.

Game da ɗalibanki, ba sai sun je Norwe ba. Kufena ba ta da dusar ƙanƙara, amma tana da dutse tsirara da rani mai wata shida, kuma dabarar jure bushewa ɗaya ce. Baƙin da kike gani a jikin manyan duwatsunmu yawancinsa ba launin dutsen ba ne, shimfiɗar sayanobakteriya ce da ƙananan laikin masu duhu. Ki duba inda dutse ya fashe kwanan nan, za ki ga cikinsa ya fi bayansa haske. A jikin tsofaffin itatuwan mangwaro na Samaru ma akwai tabo-tabo masu launin toka, laikin ne, kuma in kika kwatanta itacen da ke can cikin gona da wanda ke bakin titi mai hayaƙin mota, da wuya ki tarar da yawansu ɗaya. In kika samu zuwa Jos ko Mambila, inda hazo ya fi yawa, za ki ga har masu gemun nan a rassa. Takardar litimos da suke gwada tsami da ita a ɗakin gwaji ma, rininta daga laikin aka samo shi.

Ki kai su Kufena da sassafe cikin watan Janairu, kowa da gorar ruwa, in da hali da madubin ƙara girma guda ɗaya ko biyu. Su nemi tabo mai launin toka a gefen dutsen da rana ba ta cika duka ba, su zuba masa ruwa kaɗan, su jira minti biyar suna kallo. Bawon saman zai jiƙe ya bar haske ya ratsa, koren gansakukar da ke ciki ya bayyana. Ki ce su auna faɗinsa da rula su rubuta a littafi tare da alamar wurin, 'yan ajin baɗi su zo su sake aunawa. Ki gargaɗe su kada su kankare shi da farce ko wuƙa.